Muzuruna ya yi ƙiba, yaya zan rage masa?

Mai Muzuru:
Assalamu alaikum. Muzuruna shekararsa 4, an yi masa dandaƙa, nauyinsa kilo 6.5. Busasshen abincin kyanwa na kanti nake cika masa kwano da shi, ga ragowar shinkafa da madara. Yanzu ko kujera da ƙyar yake hawa. In riƙa barinsa da yunwa ne har ya zabge?

Duba-Dabba:
Wa'alaikumus salam. Malama, kada ki kuskura. Kyanwa mai ƙiba in ta yi kwana 2 zuwa 3 ba ta ci ba, kitsen jikinta hanta yake tafiya ya cushe ta. Sai amai ya biyo, idanu da dasashi su yi rawaya, kuma ciwon yana kisa.

Fara shafa gefen ƙirjinsa: in ba kya jin haƙarƙari sai kin danna, ƙiba ce. In kuwa cikin ne kaɗai ya kumbura alhali ƙashin baya a fili, a duba tsutsar ciki ko ruwa.

Da nauyin da ake so ya koma ake lissafi. In kilo 5 ne, kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa) 180 zuwa 190 a rana sun ishe shi, wato kamar giram 50 na busasshen abincin, amma duba bayan leda domin ba duka suke ɗaya ba. Ki auna da sikeli, awon ido shi ya kawo shi nan. Raba abincin kashi 3 ko 4 a rana. Ragin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa a mako, giram 65 ke nan, ya yi daidai. Aikin zai ci kamar wata 6.

Baba Mai Kyanwowi:
Shinkafar nan a daina, 'yata. Kyanwa nama aka halicce ta ta ci, kuma dandaƙaƙƙe ba ya ƙona abinci kamar da. Madara gudawa take sa yawancinsu. Ragowar miya ma akwai albasa da tafarnuwa, suna lalata musu jini. Abincin kyanwa na gwangwani ya fi ƙosarwa saboda ruwan da ke ciki, sai dai a sauya a hankali cikin kwana 7 zuwa 10.

Ummu Mage:
Wajen awon nauyinsa, ki hau sikeli da muzurun a hannu, ki sake hawa ke kaɗai, ki debe. Duk mako 2. Ki ɗaura gashin tsuntsu a igiya ya riƙa bi, minti 10 safe da yamma.

Duba-Dabba:
Kafin a fara, likitan dabbobi ya gwada jininsa. In yana yawan shan ruwa da fitsari, ciwon suga ake zargi. In ya tsuguna fitsari bai fito ba, ranar za a kai shi. Kuma ko yana ɗingishi kada a ba shi farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe shi.