Don Allah malamai ku ba ni shawara, ɗalibaina sun ƙi buɗe baki da Turanci

Assalamu alaikum malamai. Ni malamin Turanci ne a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a nan Katsina, wata huɗu kenan da na kafa kulob ɗin muhawara duk ranar Laraba bayan an tashi, amma wallahi abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Yara sun fi talatin, yawancinsu 'yan SS2, in dai rubutu ne ba laifi, akwai wata yarinya da take cika min shafi biyu tsaf, amma ranar da na ce ta tashi ta karanta da bakinta sai muryarta ta hau rawa, tana cewa "people" ya fito kamar "fiful" ajin ya fashe da dariya, ta ja hijabi ta rufe fuska, tun daga ranar a can baya take zama ko uffan ba ta cewa. Abin ya taɓa min zuciya sosai.

Na sa tarar naira 20 ga duk wanda ya yi Hausa, sai wurin ya yi tsit, na soke. Na gwada karanta labarai a asambuli, kullum wasu yara uku da suka yi firamaren kuɗi ne ke karantawa.

Kuma kun san a WAEC da NECO ko ɓangaren furuci a takarda ake amsawa, yaro sai ya ci kiredit bai taɓa yin magana ta minti biyu ba.

To in raba su biyar-biyar ne, ko in ware maza da mata? Ko in bar su su riƙa haɗawa da Hausa tukuna? Ita kuma dariyar nan, ku ya kuke magance ta?