Yaya za a haɗa kan 'yan banga da 'yan sanda a unguwa?

Ɗan Bolari: Salamu alaikum. Ƙwacen waya na 'yan Kalare, 'yan daban Gombe, ya dawo unguwarmu, amma 'yan banga na nasu, 'yan sanda na nasu. Ta ina ake farawa?

Baban Pantami: Wa'alaikumussalam. A fara da mai unguwa. Shi zai kira DPO (shugaban caji ofis), shugaban 'yan banga, 'yan Sibil Difens da limami su zauna wuri guda. A rubuta sunan kowane ɗan sintiri a ajiye kwafi a caji ofis, a raba dare gida biyu: sha ɗaya zuwa biyu, biyu zuwa asuba. Inda ake samun matsala shi ne a kama yaro a kulle shi ko a lakaɗa masa duka. 'Yan banga ba su da hurumin tsare mutum. A miƙa shi ga 'yan sanda nan take tare da wayar da mai ita, in ba shaida kotu za ta sake shi.

Hajiyar Jekadafari: Malam, kada a manta da NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Yawancin yaran nan ƙwaya ke tura su, a kai musu sunan dillalin a asirce.

Ɗan Bolari: Kuɗin fitila da usur fa?

Baban Pantami: Karo-karo gida-gida, da rasit, a karanta lissafi duk wata a ƙofar mai unguwa.