Gwajin sigina a GDB yana wucewa a kwamfutata amma yana faɗi a saba, ina matsalar take?

ɗan_tsakar_dare ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu zama da GDB, wato manhajar nan ta binciko kwari a cikin firogiram, ku taimaka min, abin nan ya fara cin min rai. Ina rubuta gwaji mai gudu da kansa ne, kuma ba manhajata nake gwadawa ba, ita GDB ɗin nake so in tabbatar tana yi wa sigina (ɗan saƙon da ake aika wa firogiram yana cikin gudu) abin da ta ce za ta yi, saboda akwai wani ɗan kayan aiki da muka ɗora a kanta a wurin aikinmu, duk sanda aka sabunta ta muna so mu san ko wani abu ya sauya.

Abin da nake yi ba wani mai wahala ba ne. Ƙaramin firogiram na C, ya ɗaura mai tarbar SIGUSR1 (guntun kod da ke gudu in siginar ta iso) da sigaction, ya shiga jira. Sikirif na Python da pexpect (mai buga wa firogiram umarni ya karanta amsarsa kamar mutum) ya tada gdb, ya ce run, ya ɗan yi barcin sakan 1, ya nemo lambar firogiram ɗin da pgrep, ya aika masa kill -USR1, sai ya nemi layin nan na "Program received signal SIGUSR1, User defined signal 1." Zagaye na biyu kuma in sa handle SIGUSR1 nostop noprint pass in ga ko za ta wuce shiru.

A kwamfutata lafiya lau. A saba cikin kwantenar Docker kuwa yau ya wuce gobe ya faɗi ba tare da na taɓa ko harafi ɗaya ba, wani sa'in pgrep ya dawo hannu rabbana, wani sa'in a zagaye na biyu in ga "Program terminated with signal SIGUSR1". Na ƙara tsawon barcin, faɗuwar ta ragu amma ba ta ɓace ba. Sannan SIGALRM kwata-kwata ba ta tsayar da komai, Ctrl-C ma ban san yadda ake gwada shi daga sikirif ba. Na gode.

---

kanel_baba ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ciwon naka yana cikin wannan barcin na sakan 1 ɗin, kuma ko ka mai da shi 30 wata rana sai ya faɗi, sai dai kawai ka daɗe kana jira kafin ya faɗin. Kai kana auna lokaci ne, alhali abin da kake buƙatar sani shi ne ko firogiram ya riga ya kira sigaction. Saba mai aiki da yawa ba ruwanta da agogonka. In sigina ta iso kafin a ɗaura mai tarba, hukuncin asali na SIGUSR1 shi ne kashe firogiram, shi ya sa kake ganin terminated ɗin nan, GDB ba ta yi laifin komai ba, pass ka ce mata ta kuma miƙa.

Bari in ɗan faɗi yadda abin yake tafiya a ƙasa don sauran su zo maka da sauƙi. A Linux, GDB tana riƙe firogiram ne da ptrace, hanyar da kanel, wato zuciyar Linux, ya tanada don wani firogiram ya sa ido a kan wani. Duk siginar da za a isar masa, kanel yakan tsayar da shi tukuna, GDB ta samu labari ta waitpid, sai ita ta yanke hukunci, kamar ɗan aike ne da ba ya shiga gida sai ya biya ta wajen maigadi. In za ta sake shi da PTRACE_CONT, ko ta sa lambar siginar a ciki ta isa gare shi, ko ta sa 0 siginar ta bi ruwa kamar ba a taɓa aikowa ba. Pass da nopass kenan, ba wani sihiri. Ko ka ce nostop noprint ma tsayawar nan ta kanel tana nan, kawai GDB ce take sakin shi nan take ba ta gaya maka ba. SIGKILL ce kaɗai ba ta bi ta nan.

To gyaran. Ka sa tbreak, wato shingen tsayawa mai aiki sau ɗaya ya ɓace, a layin da ke bayan sigaction, ka jira har ka ga GDB ta tsaya a can, ka ɗauki lambar firogiram daga info inferiors ka rabu da pgrep, ka aika kill ɗinka YANA TSAYE, sannan ka ce continue. Siginar za ta zauna tana jiransa, da an sake shi za ta faɗo. In kana so ka ƙara tabbatarwa kafin continue ɗin, karanta /proc/lambar/status, layin ShdPnd zai nuna 0000000000000200, wato sigina ta 10 kenan. In kuma ba dole sai daga waje ba, raise(SIGUSR1) a cikin firogiram ɗin ya fi komai sauƙi tunda ba ya dawowa sai mai tarba ya gama.

Tarko ɗaya a nan: kada ka aika USR1 sau 2 yana tsaye ka ce za ka ƙirga 2. Sigina na gargajiya ba sa yin layi, haɗewa suke su zama ɗaya. Na SIGRTMIN zuwa sama su ne masu layi.

SIGALRM kuwa haka aka saita ta tun farko, buga info signals ka gani, No No Yes ce. Ita da SIGCHLD da SIGURG da SIGWINCH, don da ana tsayawa a kansu da ba mai iya aiki da firogiram mai agogo a ciki.

---

Ummi_Tcl ta amsa:

Maganar Baba haka take, ni dai abin da zan ƙara shi ne ƙanena ka leƙa gwaje-gwajen da su masu GDB ɗin suka rubuta wa kansu kafin ka ci gaba da wahala, don duk ramin da kake faɗawa sun riga ka faɗawa shekaru da yawa. Cikin gdb/testsuite/gdb.base akwai signals.exp, sigall.exp mai bin sigina ɗaya bayan ɗaya, sigstep.exp, sigaltstack.exp, siginfo.exp, catch-signal.exp, interrupt.exp, kowanne da ɗan fayil ɗinsa na C a gefe. DejaGnu ne ke tuƙa su, wanda Rob Savoye ya rubuta a Cygnus, shi kuma yana zaune a kan Expect na Don Libes, Expect kuma a kan Tcl. Pexpect ɗin da kake amfani da shi ma ai kwaikwayon Expect ɗin ne, don haka ko ba ka iya Tcl ba za ka gane abin da suke yi.

In ka gina GDB da kanka, make check TESTS="gdb.base/signals.exp" ya isa, sakamako yana gdb.sum, hirar gaba ɗaya kuma tana gdb.log, can ne ake gane gaskiya.

Amma abin da na fi so ka ɗauka shi ne make check-read1. Akwai wata tsere ta biyu da Baba bai taɓo ba, ba tsakanin sigina da firogiram ba, tsakanin GDB da mai karanta maganarta. Rubutun ba ya zuwa a dunƙule, a kwamfutarka mai sauri yakan zo gaba ɗaya sai regex ɗinka, wato tsarin rubutun da kake nema, ya dace, a saba kuma ya zo rabi-rabi sai regex ya cafke rabin farko ko ya cafke wani tsohon "(gdb) " da ya rage a baya, daga nan duk umarnin da ka aika ya koma yana gaba da amsarsa da taki ɗaya, kuma faɗuwar ba za ta bayyana a nan ba sai can gaba a wurin da ba shi da laifi, shi ya sa irin wannan ke haukata mutum. Check-read1 yana tilasta wa Expect ya riƙa karanta bayit ɗaya ɗaya ta hanyar LD_PRELOAD, duk regex mai rauni sai ya tonu a take. A pexpect za ka iya yin kusan haka da maxread=1. Kowane umarni kuma ka cinye amsarsa har zuwa (gdb) na ƙarshe kafin ka aika na gaba.

Ka kuma sa TERM=dumb da LC_ALL=C, ka tada da -nx, ka ba da set height 0 da set width 0, in ba haka ba launuka da karya layi za su ɓata maka regex.

Ctrl-C: tunda pexpect yana ba ka pty, wato taminal na kwaikwayo, aika bayit \003 kawai, haka su ma suke yi. Lokacin da firogiram ke gudu GDB ta riga ta miƙa masa taminal, don haka shi kanel yake aika wa SIGINT, GDB ta tare ta ta ptrace ta tsaya, kuma ba ta miƙa masa tunda nopass ce a asali. Kill -INT zuwa ga ita gdb ɗin wata hanya ce daban, ba ita mai amfani yake bi ba. Nan ma fa sai ka tabbatar firogiram ya fara gudu, ka sa ya buga wani layi ka jira shi.

---

sabo_a_harka ya amsa:

Ni ina zaton Docker ɗin ne kawai, sa --cap-add=SYS_PTRACE ka huta

---

kanel_baba ya amsa:

A'a malam, da hana ptrace ne da kullum zai faɗi tun a run, ba yau e gobe a'a ba. Abin da zai iya gani a kwantena shi ne gargaɗin "Error disabling address space randomization: Operation not permitted", wannan seccomp ne ya hana kiran personality, kuma illarsa adireshi ne za su riƙa sauyawa, don haka kada ya rubuta adireshi a cikin regex. In attach zai yi maimakon run, nan ne zancen ptrace_scope na Yama zai taso, Ubuntu tana barin shi a 1.

---

mai_shakka ya amsa:

Duk kun yi magana a kan kama layin da GDB ta buga, ni kuma zagayensa na biyun ne ya dame ni. Ta yaya kake gwada shiru? In jira kake na ɗan lokaci ba ka ga komai ba sai ka ce ya wuce, to wallahi wannan gwajin zai wuce ko da kill ɗin bai tafi ba, ko da GDB ta haɗiye siginar, ko da ma firogiram ɗin ya maƙale. Gwajin da ba ya iya faɗi kuwa gara babu shi.

Sai ka tambayi firogiram ɗin da kansa. Sa volatile sig_atomic_t a ciki, mai tarba ya ƙara 1, main ya fita da wannan ƙirgen, kai kuma ka buga print $_exitcode. Da pass ka ga 1, da nopass ka ga 0, kuma ka tabbatar tsakanin continue da fitar babu "received signal". A gwajin nopass fa kada firogiram ya zauna jiran mai tarba, zai jira har abada, shi ya sa ni raise na fi so a nan. Kuma kada ka karanta ƙirgen daga layin "exited with code", da lissafin tushe 8 ake buga shi, 10 za ta fito maka 012.

Ni da nake ganin ma ku bar karanta rubutun da aka yi don mutane. Da zarar firogiram yana da zare fiye da ɗaya layin ya koma "Thread 2 ... received signal", regex ɗinka ya mutu. Tada gdb da --interpreter=mi, wato MI, ka samu *stopped,reason="signal-received",signal-name="SIGUSR1", wannan don inji aka yi shi kuma ba a cika taɓa shi ba. Ko ka shiga Python na cikin GDB, gdb.events.stop zai ba ka SignalEvent mai stop_signal. Sai dai in kayan aikin naku rubutun mutane yake karantawa, to dole shi za ka gwada.

---

Ummi_Tcl ta amsa:

MI ɗin na yarda. Amma tunda ya ce canjin hali yake farauta, wurin da ya fi cancanta ya sa ido shi ne inda sigina ta haɗu da breakpoint, wato shingen tsayawa. Lura Baba tbreak ya ce ba break ba, da gangan ne. In shingen yana nan, kafin GDB ta ci gaba sai ta tsallake bayit ɗin 0xCC da ta dasa ta hanyar taka umarni ɗaya, to in akwai sigina tana jira a daidai lokacin, takun nan ba zai sauka a umarni na gaba ba, cikin mai tarba zai sauka, dole GDB ta bar shi ya gama ya dawo sannan ta sake gwada tsallakewar ba tare da ta ba da rahoton shingen sau biyu ba. Sigstep.exp kusan duk a kan irin wannan yake, step da next da continue, zuwa cikin mai tarba, ta kansa, da fita daga cikinsa. Ka yi gwajin da tbreak, ka sake yin wani da break, sannan ka sa shinge cikin mai tarba ka duba bt, mai jero kiraye-kirayen da ake ciki, ya nuna <signal handler called> da main a ƙarƙashinsa.

---

ɗan_tsakar_dare ya amsa:

Allah ya saka da alheri Baba, Anti Ummi da mai_shakka. Na cire barcin gaba ɗaya na koma tbreak da $_exitcode, na bar shi yana ta maimaitawa a saba da maxread=1 kuma bai faɗi ba zuwa yanzu. Na break ɗin ban kai gare shi ba tukuna.

Wata tambayar kuma, na gwada ta gdbserver, wanda ke riƙe firogiram GDB tana tuƙa shi daga nesa, na kunna set debug remote 1, sai na ga fakitin tsayawa yana farawa da T1e, wato 30 kenan, alhali SIGUSR1 10 ce a injina. Kwaro ne ko kuwa?

---

kanel_baba ya amsa:

Ba kwaro ba ne. GDB tana da nata jerin lambobin sigina na cikin gida, a can USR1 30 ce, kuma su ake aikawa a kan waya don ɓangarorin biyu su fahimci juna ko da injinansu sun bambanta, tunda USR1 10 ce a Linux na x86 da ARM, 16 a MIPS, 30 a FreeBSD da macOS. Suna za ka riƙa dubawa a gwajinka, in kuma lambar kanel ɗin kake so, print $_siginfo.si_signo zai ba ka 10.

Tunda ka shiga gdbserver, ka san zagayenka na nostop noprint pass ya canza hanya. GDB takan aika QPassSignals tun da wuri, sai gdbserver ya riƙa miƙa siginar da kansa ba tare da ya dawo mata da labari ba, don haka ba za ka ga T1e a wannan zagayen ba kwata-kwata. Ctrl-C ma GDB ce ke karɓa ta tura \003 ta waya. Su masu GDB da RUNTESTFLAGS="--target_board=native-gdbserver" suke sake gudanar da gwaje-gwajen nan duka, kai ma ka sa sikirif ɗinka ya iya gudu ta hanyoyin biyu.