Ku taimaka min da Gizo, na maƙale

Salamu alaikum 'yan'uwa. Daga Garwa nake, kuma muna da rukuni a WhatsApp inda kowa ke ɗaukar wani daga tatsuniya ya riƙa magana da bakinsa. Wata ta ɗauki Ƙoƙi, wani Dodo, ni na ce Gizo. Sai mai kula da rukunin ya ce kowa ya rubuto suna, shekaru, kamanni, ƙarfi da rauni kafin Juma'a.

Rauni ba wuya: kwaɗayi da lalaci. Ƙarfi kuwa wayo. Kamannin ne ya tsaya min a wuya. Kakata, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa ce mana ga yadda yake ba. Yau yana noma da fartanya kamar mutum, gobe ya haye rufin ɗaki ya ɓuya. To gizo-gizo zan rubuta ko mutum? Shekaru fa, nawa zan ba shi?

Sannan tsamin bakinsa. Na gwada rubuta "shayki" maimakon "sarki", abokanmu Fulani suka ɗauka kuskuren rubutu ne. In na cire kuma, ya daina zama Gizo. Wanda ya taɓa yin irin wannan, yaya ya yi?