Lissafi mai zurfi a SS1: a bar yaro ya ɗauka ko a ƙyale darasin? Abin da iyaye da malamai suka gani a Zariya

Uwar gida, Tudun Jukun:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana ya gama JSS3, an ba shi ajin kimiyya a SS1. Makarantarsu ta aiko da fom ɗin zaɓen darussa. Lissafin gama-gari dai dole ne a kan kowa, wannan na sani. Amma akwai na biyu, lissafi mai zurfi, wanda ake rubutawa Further Mathematics a takardar WAEC, shi kuma na zaɓi ne. Yaron injiniya yake so ya karanta a ABU. Babansa ya ce ya ɗauka kawai, ni kuma ina jin tsoron kada kaya su yi masa yawa har ya rasa kiredit a wanda yake dole. Don Allah duk wanda ya taɓa bi ta nan, ko shi ko ɗansa, ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Ɗalibin injiniya, Samaru:
Wa alaikumus salam Mama. Ni ban yi shi a sakandare ba, makarantarmu ba a koyar da shi. Bai hana ni samun gurbi ba, domin JAMB ba ta da wannan darasi a jerinta. Mai neman injiniya Turanci yake rubutawa da lissafi da fiziks da kemistiri. A WAEC ko NECO kuma kiredit biyar ake dubawa, ciki har da Turanci da lissafin gama-gari.

Bayan na shiga ne na ji jiki. Shekarar farko ana shigowa da manyan rassan lissafi irin su kalkulas da tirigonometiri da bekta kusan lokaci guda, a babban ɗakin lacca, kuma a jami'a abin da aka yi yau ba a komawa kansa gobe. Abokan karatuna da suka yi lissafi mai zurfi a sakandare bita kawai suke yi, malami na rubuta layin farko sun san inda za a ƙare. Ni kuwa sai na koma ɗaki na nemi ɗaya daga cikinsu ya sake warware min daga tushe. Na ci jarabawar, alhamdulillahi, amma lokacin da ya kamata in ba fiziks shi na kashe a can. Idan ɗan naki yana da malamin da zai koya masa, ya ɗauka.

Malamin lissafi, Tudun Wada:
Hajiya, na daɗe ina koyar da darussan nan biyu, kuma kowace shekara sai an zo min da wannan tambaya. Kafin a yi maganar fom, a fara duba yaron. Sakamakon JSS3 kaɗai ba ya gamsar da ni, na sha ganin mai maki mai kyau wanda hadda ya yi.

Ki ba shi takarda da biro yau da daddare, ba kalkuleta. Ki ce ya haɗa 1/2 da 1/3. Amsa 5/6 ce. Idan ya rubuta 2/5, wato ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, to akwai rami a tushe. Sai ki ba shi 3x − 7 = 11, ya nemo x, ya kamata ya samu 6. Sai (−3) × (−4), ki ga ko zai ce 12 ko −12. Na ƙarshe, ya buɗe baka a (x + 2)(x + 3), ya kai ga x² + 5x + 6. Ko ba ki yi lissafi ba za ki iya wannan gwaji, amsoshin ga su nan. Abin da za ki fi lura da shi shi ne yadda yake aiki: yana rubuta mataki bayan mataki, ko yana kallon sama yana cinta? In ya yi kuskure kika ce ya sake dubawa, yana gano inda ya zame da kansa, ko fushi yake yi ya ajiye biro?

Dalilin da na matsa a kan aljabara, wato lissafin da ake sa harafi irin x a madadin lamba, shi ne, kusan duk abin da ke cikin lissafi mai zurfi a kanta yake tsaye. Manhajar WAEC ta kasa shi gida uku: tsantsar lissafi, inda ake samun kalkulas da matiriks da jeranton lambobi, sai ƙididdiga da yiwuwar aukuwa, sai bekta da makaniks, wato lissafin ƙarfi da motsi, wanda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da fiziks. Yaron da alamar ragi ke ruɗa shi, zai fahimci sabon darasin sarai a aji, amma ya zo warware tambaya ya faɗi a layi na uku saboda abin JSS2. Daga nan sai ya fara cewa shi ba shi da kan lissafi, alhali ƙaramin gyara yake buƙata.

Wani abu kuma da iyaye ba su cika sani ba: ɗauka a SS1 ba aure ba ne. Rajistar WAEC sai a SS3 ake yi, darussa tara ne iyaka, kuma yaro na iya ajiye shi kafin nan in an ga bai karɓe shi ba. Abin da ba ya yiwuwa cikin sauƙi shi ne a tsallake SS1 da SS2 sannan a ce za a kama shi a shekarar ƙarshe. Saboda haka in yaro yana tsaka-tsaki, ni na fi son ya fara, a duba shi bayan zango biyu. Kuma a gogewata, masu yin sa da gaske lissafin gama-gari sauƙi yake yi musu, ba nauyi ba.

Hajiya mai shago, Sabon Gari:
Malam ya yi gaskiya, amma bari in ƙara abin da ya same mu. 'Yata ta ɗauka a wata makaranta mai zaman kanta. A SS1 komai lafiya, malaminsu ɗan bautar ƙasa ne mai ƙoƙari, har ta fara son darasin fiye da kowane. Da ya gama shekararsa ya tafi, ba a kawo wani ba. Sunan darasin yana nan a jadawali, lokacinsa kuwa sai a ce su yi karatu da kansu, ko malamin fiziks ya karɓe don ya ƙarasa nasa. A haka aka yi musu rajista. Ta samu B3 a lissafin gama-gari, ta samu F9 a mai zurfin. Bai hana ta shiga jami'a ba tunda kiredit ɗinta sun cika, amma ranar da sakamako ya fito ta yi kuka sosai, kuma har yau ba ta son nuna takardar.

'Yar uwa, ki je makarantar da ƙafarki. Ki tambayi wane ne ke koyar da shi, ma'aikacin dindindin ne ko na wucin gadi, sau nawa ake yi a mako. Ki roƙi littafin rubutun wani ɗan SS2 ki buɗe, za ki ga ko ana yi ko ba a yi.

Baban yara, Ƙofar Doka:
Nawa likita yake so. JAMB ta likitanci Turanci ce da bayoloji da kemistiri da fiziks, babu lissafi a ciki, sai dai kiredit na gama-gari a WAEC. Ya fara mai zurfin a SS1, a SS2 muka zauna da malaminsa muka ga gara ya ba kemistiri wannan lokacin. Ba mu yi nadama ba. Kowane yaro da inda ya dosa.

Malama, makarantar 'yan mata:
Abin da ke damuna daban ne. Idan fom ɗin nan ya je gida, namiji akan ce masa ya gwada, mace kuma a ce kada ta wahalar da kanta. Wani lokacin ma uwa ce ke faɗa, don tausayi. Ni da nake tsaye a gaban allo na ga 'yan mata da suka fi kowa tsabtar aiki a aljabara, ba sa tsallake mataki, ba sa gaggawa. Ɗaya daga cikin ɗalibaina sai da na je gidansu na roƙi mahaifinta kafin ya sa hannu, yanzu tana karanta kimiyyar kwamfuta. Gwajin da Malam ya bayar a sama a yi wa mace kamar yadda za a yi wa namiji, in ta ci a bar ta.

Tsohon malami, Hanwa:
Allah ya yi miki albarka 'yata. A zamaninmu, kafin a fara jarabawar SSCE a 1988, akwai irin wannan darasi na ƙari, kuma ba kowa ake bari ya shiga ba, malami ne ke zaɓa bayan ya ga aikinka. Garin nan ba baƙon lissafi ba ne. Farfesa Iya Abubakar, wanda ya shugabanci ABU daga 1975 zuwa 1978, masanin lissafi ne, kuma Kwalejin Barewa ta nan Zariya ya yi. Roƙona ga iyaye ɗaya ne, kada a sa yaro don a yi alfahari da shi a cikin dangi. Na koyar da waɗanda aka tura dole, sun sha wuya, ni ma na sha.

Mai ɗinki, Gyallesu:
Malam na Tudun Wada, tambaya gare ni. 'Yata shari'a take so ta karanta a harabar ABU ta Kongo. Na ji an ce yanzu 'yan ɓangaren adabi ba ruwansu da lissafi, har ta fara sakaci da shi. Haka ne?

Malamin lissafi, Tudun Wada:
Yaya, ki ja mata kunne. A Oktoban 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar cewa kiredit a lissafi ba sharaɗi ba ne ga masu neman kwasa-kwasan ɓangaren adabi, amma ya ci gaba da zama dole ga kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa. Bayan 'yan kwanaki ta sake bayani cewa kowane ɗalibi sai ya yi rajistar lissafi ya kuma zauna jarabawarsa. Sannan gurbin shari'a ana rububinsa. In ba ta samu ba ta so komawa wani kwas na ɓangaren zamantakewa, D7 ko E8 ba za su wuce da ita ba, C6 ne mafi ƙarancin kiredit. Mai zurfin ba ta buƙatarsa, amma na gama-gari ta riƙe shi da kyau. Kuma ki duba ƙa'idar kwas ɗin a kundin JAMB na shekarar da za ta rubuta.

Uwar gida, Tudun Jukun:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na yi masa gwajin. Ya ci uku, na buɗe baka ne ya rubuta x² + 6, da na ce ya sake dubawa ya gano da kansa ya gyara. Ranar Litinin zan je makarantar kamar yadda Hajiya ta ce.

Ɗalibar kimiyyar lissafi, Samaru:
Mama, in kin je kika tarar babu tsayayyen malami, kada hankalinki ya tashi. Ni daga ƙauye na fito, makarantarmu ko malamin lissafin gama-gari da ƙyar muke samu. Bayan sakandare na yi IJMB, wato shirin karatu na kafin shiga jami'a, a makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa, na ɗauki lissafi cikin darussa ukun da ake yi, a can na fara haɗuwa da kalkulas na gaske, daga nan na shigo aji 2 na jami'a kai tsaye. Hanya ce mai tsawo da tsada, amma tana nan.

Mafi sauƙi a nan Zariya, ɗaliban lissafi da injiniya da yawa a Samaru suna koyarwa a gida ranakun Asabar da Lahadi. In za a ɗauko ɗaya, a ba shi manhajar WAEC a hannu, a ce ya bi ta da tsari tun daga batutuwan SS1, ya riƙa ba da aikin gida yana dubawa. Tsofaffin tambayoyin jarabawa a bar su sai an shiga SS3.