Mai jita zan ɗauko ko kwamfuta za ta iya? Juma'a zan miƙa aiki

Sautin Kusugu: Assalamu alaikum. An ba ni waƙar biki a nan Daura, uwar amarya ta ce lallai jitar ta yi kuka irin ta Buzayen Agadas. Da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio nake aiki, ba ni da fiyano. Na jera sautin, amma ya fito a sandare kamar ƙarar agogo. In ɗauko mai jita daga Damagaram, ko akwai dabara? Dubu 70 ne duka kuɗin aikin.

Na Ƙofar Ƙaura: Ka murza wilin nan na hagun fiyanonka mai jan sauti sama ko ƙasa, shi ke nan.

Sautin Kusugu: Yaya, na ce ba ni da fiyano.

Baba Mai Yamaha: Ɗana, ka lura da hannun mai jita. Tsirkiya ɗaya yake turawa da yatsa, sauran suna inda suke. Kai kuwa in ka ja layin gaba ɗaya, duk sautukan za su tashi tare, kunne ya gane ƙarya ce. Ware wanda za ka ja a layinsa daban. Kada jan ya wuce tazarar maɓallan fiyano biyu. Ya hau da ɗan nauyi, in ya isa ka girgiza shi kaɗan, sannan ya sauko. Alamar zamiya ta FL kuma kayan kiɗan FL ɗin kawai take yi wa aiki, in na wani kamfani ne sai ka zana jan da hannu.

Gurmin Mashi: Baba, a haka kuke zubar da sana'a a titi. Shekara 2 na riƙe wani yaro, shayinsa da kuɗin mashin duk ni. Na koya masa irin wannan jan har ya fi ni. Ranar da na tafi jana'izar kawuna ya kwashe ayyukana a filashi, ya buɗe sitidiyo layi biyu da ni. Mawaƙana uku suka bi shi. Ranar Sallah na ji kiɗana yana tashi daga Keke Napep, da sunansa a kai. Har yau in mun haɗu a masallaci kai yake kawarwa.

Hajiyar Kalangu: Allah ya saka maka. Amma sata ya yi, ba koyarwar ce ta cuce ka ba.

Gurmin Mashi: Ba ke aka yi wa ba.

Na Ƙofar Ƙaura: Mai jita dubu 15 na ba shi bara.

Ɗan Mai'aduwa: Ina? Dubu 45 na biya, ban da mota da abinci, kuma da sefa ya ce a lissafa. Sannan da girmanka Baba, Buzaye ba su cika tura tsirkiya ba. Yatsa suke dokawa su ɗage da sauri, shi ne wannan rawar da ake ji. Gajerun sautuka Sautin Kusugu zai jera kusa da juna.

Baba Mai Yamaha: Tun zamanin kaset nake wannan aiki.

Ɗan Mai'aduwa: Ni kuma da su nake zaune a bakin iyaka.

Autan Jibiya: Ku kira mai kukuma ya goga, wallahi uwar amarya ba za ta bambance ba, guɗa za ta yi.

Hajiyar Kalangu: Ƙanena, nawa suka ba ka a hannu tukuna?

Sautin Kusugu: Dubu 20, sauran sai bayan biki.

Gurmin Mashi: Bayan biki! Ina bin wani ango dubu 30 tun kafin azumi, matar har ta haihu.

Autan Jibiya: Masu biki ai da sauƙi. Wa ya taɓa karɓar cikon waƙar siyasa bayan an faɗi zaɓe?

Ɗan Mai'aduwa: Ko an ci ma. Lambar ce ke daina shiga.

Sautin Kusugu: Baba, na ware layin kamar yadda ka ce, ya fara kama da jita. Girgizar ce ta gagare ni, ta ina ake sa ta?

Na Ƙofar Ƙaura: Ni waƙa huɗu na yi wa wani kansila, buhun shinkafa ɗaya ya aiko, rabi ma.