Musayar Waƙa: Mai Shayin Da Ban Tambayi Sunansa Ba

Ɗan Ƙofar Ran:
Assalamu alaikum 'yan zaure. A watan Fabrairun 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo, na taso daga Bajoga zan koma gida Bauchi. Mota ta lalace mana a hanya, ban shigo Gombe ba sai bayan isha'i. Kuɗi na cikin asusu, masu POS sun tashi, tura kuɗi ta waya ya ƙi. Abin da ya same ni a daren nan ne na ɗaura a waƙa. Mai amsa ya amsa.

Da sunan Ilahi nake fara zance,
Gwanin nan da ke shuka rahma da ƙauna.

Dare ya yi nisa a Gombe ga baƙo,
Da bai san gidan wanda zai je ya kwana.

Kuɗina suna can a banki a kulle,
Rabona da loma ashe tun da rana.

Na hango wutar teburin shayi nesa,
Na je can ga bencinsa domin na zauna.

Ya dube ni bai ce da ni wane ne ba,
Ya yanko burodi ya ajje gabana.

Na ce babu sisi a hannu, ka daina,
Ya ce sha da zafi, kuɗi ba ruwana.

Ya ba ni buhu, nai matashi da kwali,
Ya yafo mayafi na sanyi a kaina.

Da sassafe shi ne ya roƙi direba,
Ya kai ni garin Bauchi, can ne gidana.

Na koma da niyyar biya, babu tebur,
Abin haushi ban tambaye shi ba suna.

Ku ce min ga wa zan biya wanga bashi,
Da har yanzu nauyinsa ke nan a raina.

Ɗan Bolari:
Wa alaikumus salam Hamma. Allah ya saka wa bawan nan nasa da gidan Aljanna. Ni abin bai ba ni mamaki ba. A 2014 da 'yan'uwanmu na Borno da Yobe suka yi ta kwararowa, da yawansu a gidajen mutane suka sauka, zaure da shago duk an buɗe musu. Karɓi:

Halin Gombe ke nan, ka shaida da kanka,
Garin Buba Yero ya kama hannunka.
Da can Wunti ne wanga dare ya tarar ma,
Da sai an ji asalin uba har da kaka.
Su ce masa ta ƙare, sai dai ka dawo,
Ka kwana da yunwa da sanyi jikinka.

'Yar Wunti:
A'a, ban da wannan! Mutum ya zo da godiya, kai ka mai da ita sandar dukan garinsa?

Ɗan Bolari sassauta murya,
Wanda bai je ba shi ke ƙarya,
Masarmu ba ta san wariya,
Baƙo da ɗan gari kwano ɗaya.

Jiya-jiya ne muka yaye ku,
A goyonmu kuka yi ƙafafunku,
Alherin da ke cikin jininku,
A nononmu kuka sha gaba ɗaya.

Ranar 1 ga Oktoban 1996 aka cire Gombe daga jihar Bauchi, in ka manta ka tambayi Baffanka.

Ɗan Bolari:
Jiha kuka yaye, ba tuta ba, Adda,
Tutarmu daga hannun Shehu ta taso.
Yadda Yakubu ya je ya karɓo tasa,
Haka Buba Yero ya je ya amso.

Na Jekadafari:
Kai! Ɗan Bolari ka gama magana. Baiti biyu, ka rufe Bauchi da ganuwarta. Gombe ba a zuwa ku da wasa.

'Yar Wunti:
Ku yi ta tafa wa juna. Ni bari in koma kan abin da ya tara mu, don ni ma ina da nawa bashin. Wannan a Bauchi aka yi, a ɗakin mata na wani asibiti.

Kwana tara ina jinyar Inna,
Ba dangi kusa, ni ce ɗaya.
Wata Bafulatana a gadon gefe,
Daga rugar Alkaleri, tana jinyar ɗiya.
Ba ta jin Hausa in ban da sannu,
Ni ko Fulatanci jam kawai na iya.
In na fita neman magani kemis,
Ita ke ta da Inna ta ba ta ruwa a ƙwarya.
Fura ɗaya za ta dama ta kasa biyu,
Ta turo min rabi tana dariya.
Ran da aka sallame su ta riƙe hannuna,
Hawaye ne tafintanmu har bakin hanya.

Inna ta rasu bayan wata biyu. Har ta bar duniya tana tambayata, ina ƙawar nan taki mai ƙwarya.

Ɗan Ƙofar Ran:
Allah ya jiƙan Inna, ya sa jinya ta zama kaffara. Baitinki na ƙarshe ya tsaya min a maƙogwaro, Yaya.

Mai Keken Pantami:
Allah ya jiƙanta. Ni ma ga nawa, ku yi haƙuri da shi.

Bari in sa baki ko da ban iya ba,
Mai keke ne ni, karatuna bai yi nisa ba.
Ran nan ƙarfe biyun dare wata mata ta tsai da ni a Pantami naƙuda ta kama 'yarta,
Na kai su asibiti ban karɓi ko naira ba.
Mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi,
Amma zuciyata ba ta bar ni na wuce ba.

Malamin Aruli:
Ɗana mai keke, aikinka ya yi kyau, Allah ya ba da lada. Amma gaskiya ɗaya ce, ɗangonka na uku ba waƙa ba ne, labari ne. Na ƙirga gaɓoɓinsa, 28 cif. Dubi ɗangon farko na Ɗan Ƙofar Ran: Da su-nan / I-la-hi / na-ke fa / ra zan-ce. Gaɓa 12, ƙafa huɗu, kowace fa'ulun, marar nauyi ɗaya sai masu nauyi biyu. Karin Mutaƙarab ke nan, kuma a kansa ya tafi har ƙarshe. Wanda zai amsa waƙa, ko dai ya hau karin da aka buɗe da shi, ko ya zo da nasa ya riƙe shi. Ba a loda wa ɗango fasinja fiye da kujerunsa.

Na Jekadafari:
Malam, tunda ma'auni ka ɗauko, a auna kowa. Mutumin naku na Bauchi ya ce "ban tambaye shi ba suna". Wace Hausa ce wannan? Ban tambaye shi suna ba ake cewa. Ya karya nahawu don ya tsira da amsa-amo, ba ka gani ba, sai ɗan Pantami ka gani.

Malamin Aruli:
Na gani sarai. Wannan lalurar waƙa ce, an yarda mawaƙi ya gabatar ko ya jinkirtar don kari ya zauna. Karya ƙafa kuwa ba lalura ba ce. Kuma ni ba ɗan Bauchi ba ne, a Kumo aka yanke cibiyata.

Ɗan Bolari:
Halilu Balarabe ne ya auna na Larabawa,
Mu kakanninmu da kalangu suka auna.
Ka ɗauko sikelin Basra ka kawo Pantami,
Ka auna talaka da shi ka ce ya gaza.

Malamin Aruli:
To ga shi kai ma "auna" da "gaza" ba su amsa juna ba. Kuma kar a haɗa waƙar baka da rubutacciya. Ta baka kiɗa ke riƙe ta. Rubutacciya kuwa tun malaman jihadi a kan bahar, wato karuruwan waƙar Larabci, take tafiya, goma sha biyar na Halilu ɗan Ahmad da na sha shida da Ahfash ya ƙara. Hausa na da gaɓa mai nauyi da marar nauyi kamar Larabci, shi ya sa awon ya zauna mata daram.

'Yar Wunti:
A nan kam ina bayan Malam. Ɗan Bolari ya ji an taɓa ɗan garinsu ne kawai.

Na Jekadafari:
Ke ma ai naki ɗangon na kemis da ƙwarya ɗingishi yake, an dai yi shiru ne saboda ta'aziyya.

Na Herwagana:
Ku bar ƙirga gaɓa, akwai abin da ya fi ƙafa karyewa a baitin nan.

Na Ƙofar Ran ya yabi wanda ya ba shi,
Ta Wunti ta yabi wadda ta ba ta,
Kai ko mai keke wa ka yaba mana?
Kanka ka ɗora a faifai kana tallata.
Hannun dama in ya bayar a ɓoye,
Na hagu bai kamata ya ji labarinta ba.

Aya ta 271 a Baƙara ta ce ɓoyewa ya fi. Zamanin nan an mai da sadaka abin ɗauka a waya, a ba marayu shinkafa a haska musu kyamara a fuska.

Mai Keken Pantami:
Yaya na Herwagana, wannan ta yi min zafi. Gyaran Malam na karɓa, gaskiyarsa ce. Amma ni ban ɗauki kowa hoto ba, ko sunan matar ban sani ba. Abin da ya sa na faɗa, ta ce min abin hawa uku ta tsayar kafin ni, duk suka wuce. Ban ga laifinsu ba, mu masu aikin dare mun san ana tare mutum da irin wannan a ƙwace masa keke. Ni ma sai da na wuce, na hango yarinyar a madubi ta durƙusa ta dafa ƙasa, sannan na juyo.

Ban zo neman tafi ba, Yaya,
Na faɗa ne don ɗan'uwana direba.
In ya ga mace tsaye da tsakar dare,
Ya dubi madubi kafin ya ƙara wuta.

Goggon Tumfure:
Kai na Herwagana, ayar da ka jawo farkonta cewa ta yi in kun bayyana sadaka madalla da ita. Ka karanta rabi ka bar rabi. Abin da aka hana shi ne gori da cutarwa, yana aya ta 264, kuma yaron nan bai goranta wa kowa ba. Ka ba shi haƙuri. Ku kuma masu faɗan Bauchi da Gombe, mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare, aka gafarta masa, Buhari da Muslim duk sun kawo shi, ku faɗa min sunansa ko garinsu.

'Ya'yana ku sauke murya,
Kun bar baƙo a tasha kuna ta gardama.
An tambaye ku wa za a biya bashi,
Kun tsaya auna ƙafa da neman girma.

Na Herwagana:
Na karɓa Goggo. Ƙanena mai keke, ka yafe ni, na yi saurin baki.

Malamin Aruli:
Ni ma ga tawa gudummawar. Ɗana, ga ɗangon nan naka na sauke masa kaya, ma'anarka ce, ban ƙara komai ba:

Dare ya raba, ga uwa ga ɗiyarta,
Na kai su da sauri, kwabo ban taɓa ba.

Ka rera shi kana tuƙi, za ka ji inda ƙafa ke sauka. Na biyun da ka yi ma ya fi na farko zama.

Mai Keken Pantami:
Na gode Malam, na rubuta shi a bayan littafin balas. Yaya na Herwagana, ya wuce.

Ɗan Kamashon Tasha:
Ku gafarce ni, kwana huɗu waya ba caji, yanzu na karanta tun daga sama. Ni ba mawaƙi ba ne. Alhaji na Ƙofar Ran, shekarata sama da goma ina lodi a Gombe, masu shayin dare kusan duk na san su, suna yawan canza wuri. Ta wane gefe teburin yake, kuma yaya kamanninsa?

Ɗan Ƙofar Ran:
Allah ya yi maka albarka. Ta gefen da motocin Bauchi ke lodi, kusa da mai faci. Dogo ne siriri, zai yi shekara hamsin, yana da zane a kumatu irin na Barebari, Hausarsa ma da ɗan gargada. Yana da ƙaramar rediyo da aka ɗaure da roba. Da na ce masa ni baƙo ne, ya ce shi ma haka ya shigo garin nan da dare, da yara huɗu, ba ko tabarma.

A da can ya zo shi da yara a baƙo,
Ya san yadda sanyi yake cin ƙafafu.

Ɗan Bolari:
To ko ma daga ina ya zo, ruwan Gombe ya sha.

'Yar Wunti:
Ɗan Bolari, don Allah.

Ɗan Kamashon Tasha:
Mai rediyo da roba. Akwai wani dattijo mai faci da ya daɗe a wurin, in ma ya tashi shi zai san inda ya koma. Gobe bayan la'asar in lodi ya lafa zan je in tambaye shi.